Off the Wall, Thriller ko Bad: da wane kundin Michael Jackson ya kamata ka fara?

Ɗan ƙanwata yana koyon haɗa kiɗa a wani sutudiyo a Kaduna. Kwanakin baya maigidansa ya ba shi wani aiki da ya burge ni: ya zaɓi kundin waƙoƙi guda ɗaya na wani babban mawaƙi, ya zauna da shi wata guda cur, safe da yamma, har sai ya san inda kowace ganga take faɗuwa da inda kowane amshi yake shigowa. Yaron ya zaɓi Michael Jackson, sai ya kira ni, don ya san ni da kaset-kaset ɗin mutumin tun muna samari, lokacin da a unguwa Maikal Jaksin ake ce masa.

"Kawu, ai Thriller zan ɗauka ko? Shi ya fi kowanne kasuwa."

Na ce masa ya ɗan dakata. Kundaye uku Michael ya yi da furodusa Quincy Jones, kuma a kansu sunansa ya tsaya: Off the Wall a 1979, Thriller a 1982, sai Bad a 1987. Duk wanda zai ba ɗaya daga cikinsu lokacinsa, ko kuɗinsa yanzu da faifan garmaho ya dawo yayi da tsadarsa, gara ya san abin da zai tarar a ciki tukuna.

Hujjar yaron dai mai ƙarfi ce. Thriller ya fito a ƙarshen Nuwamban 1982, kuma har yau ba a yi kundin da ya kai shi ciniki a duniya ba. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi kwafi miliyan 70 ne, a Amurka kaɗai an tabbatar masa da miliyan 34. Ya yi mako 37 a saman jadawalin mujallar Billboard. Shi ne kan gaba a ciniki a can a 1983, ya sake zama kan gaba a 1984. Waƙoƙi tara ke cikinsa, an saki bakwai ɗaiɗai, duk bakwai ɗin suka shiga goman farko. A daren Grammy na 1984, bikin manyan kyaututtukan waƙa na Amurka, Michael ya koma gida da kyauta takwas, ciki har da ta kundin shekara. Bad ana ƙiyasta shi sama da miliyan 35, Off the Wall kuwa sama da miliyan 20. In da ciniki ne kaɗai ma'auni, da wayar ba ta wuce minti ɗaya ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Me ya sayar da Thriller haka? Waƙar farko da aka saki daga cikinsa, The Girl Is Mine, wadda ya yi da Baturen mawaƙin nan Paul McCartney, ta kai matsayi na biyu, amma masu sharhi da yawa sun yatsine fuska, suna ganin kamar Michael ya koma lallashin kunnen Turawa. Wutar ta kama ne a 1983, kuma da taimakon talabijin ta kama. Tashar MTV, wadda aka buɗe a 1981, da ƙyar take sa waƙar baƙar fata a lokacin. Shugaban kamfanin faya-fayan CBS da ke fitar da waƙoƙin Michael, Walter Yetnikoff, ya ce sai da ya yi mata barazanar janye duk mawaƙansa kafin ta sa bidiyon Billie Jean, mutanen tashar kuma sun musanta. Ko ma wane ne ke da gaskiya, bidiyon ya shiga, ƙofa ta buɗe. A watan Mayu aka nuna bikin cikar kamfanin Motown shekara 25, inda Michael ya yi rawar nan ta zamewa da baya kamar ana jan sa da igiya. A Disamba kuma aka saki ɗan fim ɗin Thriller na kusan minti 14 wanda John Landis ya ba da umarni, ya mayar da kundin saman jadawali bayan shekara guda da fitowarsa.

Babban kaso na wannan nasara ta ido ta shiga. Kai kuwa da za ka zauna da iyafis a kunne, babu jar jaket, babu farar safar hannu, babu rawa. Kai ne da sauti kawai. A wannan filin lissafin yakan canza.

A nan ne nake jan mutane zuwa Off the Wall. Ya fito ran 10 ga Agustan 1979, saura 'yan kwanaki Michael ya cika shekara 21. Ya shafe shekara goma ana yi masa kallon ƙaramin yaron nan na Jackson 5, ƙungiyarsa da 'yan'uwansa, yana neman a ji shi a matsayin babba. Ya haɗu da Quincy Jones a wurin aikin fim ɗin The Wiz na 1978, kuma manyan kamfanin Epic, reshen CBS da Michael ke ƙarƙashinsa, ba su so haɗin ba da farko, gani suke Quincy mutumin jaz ne, bai san kiɗan samari ba. Lokacin ma bai yi kyau ba. Wata guda kafin fitowar kundin, an tara faya-fayan disko a wani filin wasa a Chicago an tarwatsa su a gaban dubban mutane, alamar cewa Amurka ta fara ƙosawa da kiɗan. Ga shi kuma Michael ya zo da kundin da rabinsa kiɗan rawa ne.

Abin da ya cece shi, kuma ya hana shi tsufa har yau, shi ne hannuwan mutane ne suka kaɗa shi. John Robinson ke kan ganguna, Louis Johnson ke kan jitar bes, Jerry Hey ya tsara kayan busa, Greg Phillinganes yana kan fiyano. Wanda ya san bambancin kalangun da makaɗi ya matse a hammata yana sa shi magana, da kiɗan da aka danna a na'ura yana maimaita kansa, zai gane abin da nake nufi tun daga ɗan gajeren bugun da ya buɗe Rock with You. Kiɗan yana numfashi. Yakan ɗan ja baya, ya ɗan turo gaba, kamar mutane ne a ɗaki ɗaya suna kallon juna.

Waƙoƙi huɗu na farko kuwa, daga Don't Stop 'Til You Get Enough har zuwa Get on the Floor, tafiya ɗaya ce ba yankewa. Ban san wata fuskar faifai a kiɗan zamani da ta fi wannan haɗuwa ba. In ka juya ɗaya fuskar sai yanayi ya sauka a hankali. A She's Out of My Life muryarsa takan karye a kalmar ƙarshe don kuka ya zo masa, kuma Quincy ya ba da labarin cewa duk ɗaukar da aka yi haka ta ƙare, har ya haƙura ya bar ta a haka. Nan da nan sai I Can't Help It, wadda Stevie Wonder ya rubuta tare da Susaye Greene. Ita ce na fi so a duk kundayen uku. Ba a yi mata wani bidiyo ba, ba a kuma san ta kamar sauran ba, amma duk mai son ya ji yadda ake ɗora murya a kan kiɗa mai sarƙaƙiya ba tare da an ji gumin mawaƙin ba, ya fara daga nan.

Murya ita ce babbar hujjata. A Off the Wall muryar Michael a sake take, da fara'a a cikinta, yana hawa siririyar murya yana saukowa ba wahala. 'Yan shessheƙar nan da ihun da daga baya suka zama tambarinsa suna nan, amma kamar gishiri a miya. Bai fara cika su ba tukuna.

Yana da rauninsa. Girlfriend ta Paul McCartney ba ta da nauyin maƙwabtanta. Kuma in kana neman kundin da zai ba ka abin tunani, wannan ba shi ba ne: rawa, soyayya, gajiyar aiki, shi ke nan. Uku kawai daga cikin waƙoƙi goma ke da hannun Michael a rubutu. Uku kuma na Rod Temperton ne, wani Baturen Ingila daga ƙungiyar Heatwave, wanda mutane da yawa ke rera waƙoƙinsa ba su san sunansa ba.

Yadda aka karɓe shi ma labari ne. Ya tsaya a matsayi na uku a Billboard, waƙoƙinsa huɗu suka shiga goman farko, abin da wani mawaƙi shi kaɗai bai taɓa yi da kundi ɗaya ba kafin nan, biyu kuma suka kai na ɗaya. Masu sharhi sun yaba sosai. Amma da aka zo Grammy na 1980, kyauta ɗaya tak aka ba shi, ita ma a rukunin kiɗan da ake ware wa baƙaƙe. Ko sunansa ba a sa a takarar kundin shekara ba. Abin ya yi wa Michael ciwo ƙwarai, kuma ina ganin yana da gaskiya. Lokaci ne ya riƙa biyan bashin daga baya: a jerin manyan kundaye 500 na mujallar Rolling Stone, Off the Wall yana na 68 a 2003, da aka sake jerin a 2020 ya hau zuwa na 36.

Wannan ciwon ne ya haifi Thriller, kuma in ka san haka za ka ji shi a tsarin kundin. An gina shi ne don kada a sake samun wanda zai ce ba nasa ba ne. Masu son kiɗan rok an ba su Beat It, da jitar Eddie Van Halen, wanda ya zo ya kaɗa bai karɓi ko sisi ba. Manya masu son sanyi an ba su waƙar McCartney. Human Nature ta fito daga hannun Steve Porcaro na ƙungiyar Toto. Yara an ba su labarin dodanni da muryar tsohon ɗan fim Vincent Price. Kowa da rumfarsa, kamar kasuwar da aka tsara da gangan.

Kuma inda ya yi kyau, ya wuce misali. Fuska ta biyu ta faifan ta fara da Beat It, sai Billie Jean, sai Human Nature, a jere. Ban da abin cewa a kan waɗannan ukun sai jinjina. Billie Jean musamman makaranta ce ga mai haɗa kiɗa, don darasinta shi ne barin fili. Ganga, bes, ɗan fiyano, sai murya, kowanne da wurinsa, babu mai taka wani. Injiniyan sautin, Bruce Swedien, ya ce sau 91 ya haɗa sautin waƙar, daga ƙarshe aka koma aka ɗauki na biyu. A nan ne kuma alƙalamin Michael ya nuna: huɗu daga cikin tara nasa ne, kuma tsoro da zargi sun shigo cikin kalamansa, mace na liƙa masa ɗan da ya ce ba nasa ba ne, masu tsegumi na cin namansa. Wannan zurfin babu shi a Off the Wall, dole a faɗa.

Akwai wani abu a waƙar farko, Wanna Be Startin' Somethin', da ya kamata ɗan Afirka ya sani. Amshin nan da ake ta maimaitawa a ƙarshenta an ɗauko shi ne daga Soul Makossa, waƙar da Manu Dibango na Kamaru ya yi a 1972. Ba a nemi izininsa ba. Dibango ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu aka biya shi. Wurin da ya fi ko'ina zafi a buɗewar kundin da ya fi kowanne ciniki a duniya, daga maƙwabtanmu ya fito, kuma sai da mai shi ya tashi tsaye kafin a san da shi. Na gaya wa ɗan ƙanwata wannan tun kafin mu shiga maganar kiɗa, don sana'ar da ya shiga cike take da ɗauke-ɗauke.

Matsalata da Thriller ita ce zaman sauraro daga farko zuwa ƙarshe. Kana cikin zafin waƙoƙi biyu na farko sai The Girl Is Mine ta zo ta zuba maka ruwan sanyi, har da 'yar hirar da suka yi a ƙarshe, wadda a saurare na goma za ka fara neman maɓallin tsallakewa. Waƙar Thriller ɗin kanta, in ka raba ta da fim ɗinta, ba ta kai girman sunanta ba. Kundin tarin gwanaye ne, kowacce ta isa da kanta, amma ba hira suke da juna ba. Wani abin lura kuma, biyun da ba a saki ɗaiɗai ba, Baby Be Mine da The Lady in My Life, duk na Temperton ne, kuma su ne suka fi kama da Off the Wall. Mutane da yawa da suka ce sun san Thriller ba su taɓa jin su ba. Duk da haka masu sharhi sun fi ɗaga shi a kan sauran: na 12 yake a jerin Rolling Stone na 2020.

Bad ba zan daɗe a kansa ba, ko da yake shi ne aka fi zalunta. Ya fito ran 31 ga Agustan 1987, bayan kusan shekara biyar ana jira, kuma tun kafin a ji shi an riga an ɗora shi a sikeli ɗaya da Thriller. Ya yi abin da ko Thriller bai yi ba: waƙoƙinsa biyar suka kai na ɗaya a Amurka, tarihin da ba a kamo ba sai a 2011, da Katy Perry ta yi daidai da shi. Rangadin da ya biyo baya wasa 123 ne a ƙasashe 15, gaban mutum kusan miliyan 4.4, har da dare bakwai a filin Wembley na Landan. Amma a Grammy na 1988 kundin The Joshua Tree na U2 ne ya ɗauke kyautar shekara, Bad ya tashi da ta ingancin sauti kawai, wadda injiniyoyi ake ba wa. Kundin da ya sayar da miliyan 35 aka riƙa magana a kansa kamar ya faɗi.

Shi ne ya fi zama na Michael na kansa, don tara daga cikin waƙoƙi 11 shi ya rubuta. Smooth Criminal da The Way You Make Me Feel ba su da na biyu a wurin rawa, Man in the Mirror kuma, wadda Siedah Garrett da Glen Ballard suka rubuta, ita ce waƙarsa da ta fi taɓa zuciya idan mawaƙan coci suka shigo da amshi a ƙarshe. Mai sharhin Rolling Stone na lokacin har cewa ya yi Bad ya fi Thriller a dunƙule, don babu rarrauna sosai a cikinsa. Ban bi shi har can ba. Just Good Friends, duk da Stevie Wonder na ciki, ba ta tashi ba. Liberian Girl tana da daɗi, amma an buɗe ta da Swahili, harshen da ba na Laberiya ba, abin da ke nuna Afirkar da ke cikinta ta mafarki ce. Babban abin dai shi ne sauti. Na'ura ta karɓe wuri da yawa daga hannun makaɗa, gangunan sun yi tauri da ƙara irin ta shekarun 1980, muryar ma ta koma cije haƙora da gurnani. Da ka ji shi ka san shekarar da aka yi shi. Off the Wall, da ya girme shi da shekara takwas, ya fi shi jin sabunta a kunne. Bad na 194 yake a jerin Rolling Stone na 2020.

To wa zai ɗauki wanne? In ba ka taɓa zama ka saurari Michael Jackson ba, kana so ka san dalilin da ya sa duniya ta haukace a kansa, ɗauki Thriller, ka haɗa da bidiyoyinsa, don tare aka yi su. In mota za ka sa, ko motsa jiki, ko kuma kunnenka ya saba da kiɗan fiyano na sutudiyo mai bugu da ƙarfi, Bad zai fi saurin kama ka. Mai iyali kuma ya sani cewa babu ashar a ko ɗaya, amma Dirty Diana a kan matan da ke bin mawaƙa take, fim ɗin Thriller kuma gawawwaki ne ke fitowa daga kabari, yana firgita ƙananan yara. Michael da kansa, da yake a lokacin yana bin ɗariƙar Shaidun Jehobah, sai da ya sa aka rubuta a farkon fim ɗin cewa ba ya nufin ya yarda da tsafi.

Wanda kuwa zai zauna da kundi ɗaya ya yi ta juya shi, ko zai sayi faifan garmaho guda ɗaya tak, ko yana koyon sana'ar, Off the Wall nake ba shi ba tare da jinkiri ba. Minti 42 ne da ɗoriya, kusan tsawonsu ɗaya da Thriller, amma shi ba ya gundura da maimaici. Kullum sai ka tsinci wani abu da ka wuce jiya: wata 'yar busa a can baya, wani tafi, muryar Michael ta biyu da ta uku suna yi wa ta farko amshi.

A kula da bugun da za a ɗauko a intanet. An sake fitar da Thriller a 2008 da 2022, an sake Bad a 2012, duk da ƙarin waƙoƙi. Na 2008 ɗin har da sababbin haɗe-haɗe da Akon da Kanye West da wasu, waɗanda ba su ƙara wa asalin komai ba. A tsaya a waƙoƙi tara na asali a Thriller, goma a Off the Wall, kuma a kashe maɓallin nan mai cakuɗa jeri, don an tsara wace za ta bi wace ne da niyya.

Abin da na ce wa ɗan ƙanwata shi ne ya ba Off the Wall watan nan gaba ɗaya. Makon farko ya bi ganga da bes kawai, ya manta da murya. Mako na biyu kayan busa da goge. Na uku ya ƙirga muryoyin Michael nawa ne a kowane amshi. Na huɗu ya saurare shi kamar kowa, a lasifikar ɗaki, ba iyafis. In watan ya cika, sai ya buɗe Billie Jean ita kaɗai, ya ji abin da Quincy Jones da Bruce Swedien suka cire bayan shekara uku.